Wa Ke Zaɓa Mana Littafin Da Za Mu Karanta?

Duk mai son karatu yana da jerin littattafan da yake da niyyar karantawa, wani ya rubuta nasa a takarda, wani kuma yana riƙe da shi a ka. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda irin wannan jeri yake samuwa. Idan muka bi tarihin rubutun Hausa za mu tarar cewa a kowane zamani akwai wanda yake tsayawa tsakanin Bahaushe da littafi, ya ce masa ga abin da zai karanta. Kowane daga cikin masu zaɓin nan ya yi mana alheri, amma kuma kowanensu akwai ɓangaren da bai waiwaya ba. Bisa wannan tarihi ne na tsara nawa jerin, shi ya sa zan riƙa faɗin abin da na ɗauko daga kowane zamani da dalilin ɗaukarsa.

Mai zaɓi na farko shi ne malamin zaure. Kafin zuwan boko ɗalibi ba ya zaɓar littafi da kansa. In ya sauke Alƙur'ani sai a ɗora masa Ahalari, daga nan Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, mai dogon zango ya kai ga Muhtasar. Duk waɗannan da Larabci suke, malam yana fassarawa da baki. Abin da aka fi rubutawa da Hausa cikin ajami shi ne waƙa, ta wa'azi da ta fiƙihu da ta begen Manzon Allah (SAW). Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta riƙa karantar da matan ƙauye ta hannun jajis ɗinta na 'yan taru. Wannan ya nuna cewa waƙa ita ce babbar yaya a rubutaccen adabinmu, don haka jerin da babu waƙa a cikinsa gurgu ne. Daga wannan tsatso na ɗauki Waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, na haɗa da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu wanda ya fito a 1977, domin in ji yadda waƙar ta fito daga zaure ta shiga harkokin duniya.

Mai zaɓi na biyu Bature ne. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara domin samar da abin karantawa a makarantun boko, daga baya aka mayar da ita Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. Shi ne a 1933 ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labari daga kansu. Wannan gasa ce ta haifar da littattafai biyar da kowa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Bayan haka aka ɗauko Imam zuwa Zariya, aka tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya sassaƙa Magana Jari Ce guda uku a ƙarshen shekarun 1930.

Abin lura shi ne East yana neman littafin da za a karanta a aji, mai saukin Hausa, mai tarbiyya. Duk marubutan maza ne, kuma yawancinsu malaman makaranta ko ma'aikatan En'e. Daga wannan zamani na zaɓi Shaihu Umar, domin shi ne ya kalli cinikin bayi ido da ido, ya bi uwa tana ratsa hamada neman ɗanta. Na ƙara da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ita wannan hukuma ta fassaro daga rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1930, har da tarihin sarakunan Kano a ciki. Mai karanta ƙagaggen labari yana buƙatar littafin tarihi a gefensa, in ba haka ba yaƙin da Ganɗoki yake yi da Turawa zai zama masa tatsuniya kawai. Na uku shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin tafiyar da Imam ya yi zuwa Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939. Labarin tafiya wani fanni ne mai zaman kansa da muka yi sake da shi.

Mai zaɓi na uku ita ce gwamnatin Jihar Arewa da manhajar makaranta. A shekarun 1950 aka tayar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa Hukumar NORLA wadda ta buga ƙananan littattafai masu yawa da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano. NORLA ta rushe a 1959, sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, ba na man fetur ba, na ɗab'i. Tun daga nan littafin da ya shiga manhajar jarrabawa shi ke rayuwa, wanda bai shiga ba kuwa sai ya yi ƙura a sito. Alherin wannan zamani shi ne ya raya wasan kwaikwayo. A lokacin ne aka sami Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, daga baya kuma Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Na sa Jatau Na Kyallu a jerina saboda babu inda ake jin Hausar baka ta kasuwa da ta gaban alƙali kamar a wasan kwaikwayo. Na kuma sa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Duk mai cewa Bahaushe bai taɓa rubuta labarin tafiya sararin samaniya ba, wannan littafi ya ishe shi amsa.

A ƙarshen wannan zango an sake yin gasa biyu masu muhimmanci. Ta NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, duk a 1980. Ka duba, tun daga 1933 sai da aka shafe shekara arba'in da bakwai kafin sunan mace ya hau bangon ƙagaggen labarin Hausa. Ta biyu kuwa ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ce, wadda littattafanta suka fito a 1982, ciki har da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da kuma Turmin Danya. Waɗannan sun kawo fasa-ƙwauri da cin hanci da bindiga da ɓarnar bayan yaƙin basasa cikin labarin Hausa. Daga nan na ɗauki So Aljannar Duniya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, ɗaya na soyayya ɗaya na ta'asa.

Mai zaɓi na huɗu ita ce kasuwa. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara, maza da mata, da suka iya karanta boko. Suna tasowa sai tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, sannan aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ƙungiyar Raina Kama a Kano. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Har ta kai a 2007 an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Kasuwa ta yi abin da East da NNPC ba su yi ba, ta buɗe wa mata ƙofa, suka faɗi abin da ke faruwa a tsakar gida: auren dole, kishi, saki, da hana karatu. Amma kasuwa abin da zai sayu kaɗai ta sani. Waƙa da wasan kwaikwayo da tarihi duk ta tura su gefe. Daga wannan zamani na zaɓi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Yau kuma waya ce a hannunmu. Labari yana zuwa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kuma ta farfaɗo da gajeren labari. Babu East, babu manhaja, babu dillalin Sabon Gari. A zahiri wannan ne karo na farko da mai karatun Hausa ke da ikon zaɓar wa kansa. To amma wanda bai zauna ya tsara nasa jeri ba, abin da aka fi turowa shi zai yi ta karantawa, iri ɗaya yau, iri ɗaya gobe. Su kuwa tsofaffin littattafan, da yawansu ba a sake buga su, domin kamfani ba ya buga abin da ba a tambaya. Littafin da aka daina nema a kanti, a hankali ɓacewa yake yi, kuma da shi ake rasa kalmomi da salon maganar da babu su a bakin kowa yanzu.

Saboda haka ƙa'idata ita ce kada in bar mai zaɓi ɗaya ya cika mini jeri. Waƙa biyu, tarihi ɗaya, labarin tafiya ɗaya, wasan kwaikwayo ɗaya, ƙagaggun labarai biyar daga zamani daban-daban, goma ke nan. Na sha ɗaya shi ne Hausa A Rubuce na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, wanda ya tattara tarihin rubuce-rubucen Hausa wuri guda, ga mai son ya faɗaɗa nasa jerin. Ba na cewa kowa ya kwafi nawa, hanyar jirgi daban ta mota daban. Shawarata dai ita ce duk wanda ya gama littattafan soyayya uku, na huɗun ya nemi wani fanni, ya kuma je kanti ya tambaye shi da sunansa, ko da za a ce masa babu. Tambayar kanta tana da amfani.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan gado, mu kuma ya ba mu ikon karantawa.