Gadar Gyaran Mota

Gadar gyaran mota dandamali ne mai gangare da ake hawa da ƙafafun mota a kansa domin a sami sararin shiga ƙarƙashinta. Ana yin ta da ƙarfe, roba mai ƙarfi, katako ko siminti. Akwai nau'in mai doguwar gangara mara tsayi, wanda aka tsara don ƙananan motoci masu kusa da ƙasa, saboda kada bamba ta gurzu wajen hawa.

Ana amfani da ita wajen juyen baƙin mai, duba salansa da wanke ƙarƙashin mota. A Wurno, Rabah da Goronyo na gabashin Jihar Sakkwato, inda motoci ke jigilar shinkafa da albasa daga fadamun Rima, laka da yashi kan taru a ƙarƙashinsu, don haka dubawa akai-akai wajibi ce.

Dole a kafa gadar a kan ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, domin yashi na sa ta nutse. Bayan an hau da motar, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafun da ke ƙasa da waiji. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.