Asusun kyauta na hayar kwamfuta ta intanet: inda kuɗin ba-zata ke fitowa

Kamfanoni irin su Amazon Web Services (AWS), Google Cloud da Microsoft Azure suna ba da hayar manyan kwamfutocinsu ta intanet. Domin jawo sababbin masu hulɗa, kowanensu yana da tsarin gwaji na kyauta: Google na ba da dalar Amurka 300 na kwana 90, Azure kuma dalar Amurka 200 na kwana 30. Sai dai galibi ana neman lambar katin banki tun wajen buɗe asusun.

A nan matsalar take. Kuɗin waya na Airtel ko Moov idan ya ƙare, layi tsayawa yake. Asusun biya na waɗannan kamfanoni kuwa kamar mitar wuta yake: aiki na ci gaba, lissafi na hawa, sai ƙarshen wata a cire daga kati.

Tsohon tsarin AWS ya ba da awa 750 a wata na ƙaramar kwamfuta ɗaya, tsawon wata 12. Wata mai kwana 31 awa 744 ne, saboda haka wanda ya bar biyu a kunne, tun tsakiyar wata ya ƙetare iyaka. Tsayar da kwamfuta ma ba share ta ba ne, domin ana ci gaba da lissafa ma'ajiyar bayananta. Daga 1 ga Fabrairun 2024, adireshin IPv4 na jama'a ya zama na kuɗi, kimanin dalar Amurka 3.6 a wata. Haka kuma abin da aka kunna a wani yanki, misali Paris, ba ya bayyana a shafin wani yankin, sai a manta da shi. Mafi muni shi ne satar makullin asusu, inda ɓarayi ke haƙar kuɗin kirifto da sunan mai shi.

A Yulin 2025 AWS ya fito da sabon tsari: kyautar da ta kai dalar Amurka 200, asusun kuma yana rufewa bayan wata 6 sai in mutum ya koma na biya.

Kariya ita ce kunna saƙon gargaɗin kashe kuɗi, duba shafin lissafi kowane mako, da share duk abin da aka gama da shi. Gargaɗin sanarwa kawai yake, ba ya tsayar da lissafi. Wanda aka caje shi bisa kuskure yana iya rubuta wa sashen lissafin kamfanin, wani lokaci akan yafe, amma ba tilas ba ne.