Kayan ado da motsa jiki: Wanne ya dace, wanne za a ajiye?

Ba kowane kayan ado ne ke jure zufa da kai-komon motsa jiki ba. Abu biyu ake dubawa wajen zaɓe: siffarsa da irin ƙarfensa.

Siffa

Zobe ya fi komai haɗari. Yatsu kan kumbura yayin atisaye, kuma idan zobe ya maƙale a ƙarfe ko raga yana iya saɓule fatar yatsa, wani lokaci har a rasa yatsan. Doguwar sarƙa da ’yan kunne masu lilo su ma kan sarƙafe. Shi ya sa Doka ta 4 ta ƙwallon ƙafa ta haramta wa ’yan wasa kayan ado baki ɗaya. Ga mai tattaki ko sassarfa, ƙananan ’yan kunne masu manne wa kunne sun wadatar.

Ƙarfe

Zinaren karat 21 da 22, irin wanda ake shigowa da shi daga Dubai da Saudiyya, yana da taushi, yakan lanƙwashe da sauƙi. Karat 18, mai kashi 75 cikin ɗari na zinare, ya fi shi ƙwari. Azurfa kan yi baƙi da zufa. Mai ruwan zinare kuwa yakan koɗe, kuma idan akwai sinadarin nikel a ƙarƙashinsa yakan sa wasu ƙaiƙayi. Titaniyom da ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi juriya.

Kulawa

A cire zinare kafin shiga tafkin ninƙaya, domin kulorin na raunana shi. Bayan atisaye a wanke kayan da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane su. Mai tsada kuwa, ajiye shi a gida ya fi.