Darajar ƙuri'ar zango: Briqueterie da dokokin zaɓen Kamaru

Duk wanda ya san Yawunde ya san Briqueterie, unguwar da ke ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, inda babban masallacin birnin yake, inda teloli da masu sayar da shadda ke jere kafaɗa da kafaɗa, hayaƙin tsire kuma ya turnuƙe titi da zarar an yi magariba. Fataken Hausawa sun fara zama a Yawunde tun zamanin Jamusawa, daga baya Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Nijar da Mali suka tarar da su. Jikokin waɗancan fatake 'yan Kamaru ne cikakku, suna da katin zaɓe, 'yan takara kuma kan shigo gaishe da limamai da masu unguwa duk lokacin yaƙin neman zaɓe. Sai dai darajar ƙuri'arsu an riga an yanke ta a cikin dokoki, tun kafin a buɗe rumfa.

Babbar dokar ita ce ta zagaye ɗaya. A Kamaru wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne shugaban ƙasa, ko da bai kai rabi ba. An ga aikin wannan doka a ranar 11 ga Oktoba 1992, a zaɓen shugaban ƙasa na farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa. Sakamakon hukuma ya ba Paul Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, John Fru Ndi na jam'iyyar SDF kusan 36, Bello Bouba Maigari na jam'iyyar UNDP kuma, wanda ƙarfinsa ke arewa, ya samu 19. Ma'ana, mutum shida cikin goma ba su zaɓi Biya ba, amma shi aka rantsar. Da akwai zagaye na biyu, da wannan kashi 19 ya zama abin da kowane ɓangare zai yi zawarci, da alkawura a rubuce.

Ba sai an je nesa ba don ganin bambancin. Watanni kaɗan bayan haka, a 1993, Nijar ta yi nata zaɓen. Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma jam'iyyun ƙawancen AFC suka mara wa Mahamane Ousmane baya, ya lashe zagaye na biyu. Senegal ma ta hanyar zagaye na biyu ta sauya shugaba a 2000 da 2012. Misalin da ya fi kusa da Briqueterie shi ne na Gana, ƙasar da zangunanta kamar Nima ta Akra suka ɗanɗana kuɗarsu lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969. A can sai ɗan takara ya haura rabi, kuma a 2008 John Atta Mills ya yi nasara da ratar ƙuri'a kusan 40,000 kacal. A irin wannan lissafi ba wanda zai yi wasa da zango. Jam'iyyar NPP, wadda mutanen zango suka daɗe suna kallo a matsayin magajiyar Busia, ita ce da kanta ta kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017 tare da asusu na musamman. Ana iya gardama kan yawan abin da asusun ya tsinana, amma dalilin kafa shi a fili yake: tsarin zaɓe ne ya sa ƙuri'ar ta yi tsada.

A Kamaru kuwa cinikin bayan zaɓe ake yi, kuma da shugabanni ake yin sa. UNDP ta samu kujeru 68 cikin 180 a zaɓen majalisa na Maris 1992, ƙarfin da ba ta sake kusantarsa ba. A ƙarshen 1997 Bello Bouba ya shiga gwamnati, ya yi fiye da shekara ashirin yana minista. Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, shi ma ya daɗe a majalisar ministoci, har ya zama kakakin gwamnati. Kujerun minista sun tafi ga mutane ƙalilan, alhali lungunan Briqueterie na nan da cunkosonsu da magudanan da ke ambaliya da damina.

Sannan akwai abin da ke faruwa a cikin rumfar kanta. Kamaru ba ta amfani da takarda guda mai ɗauke da sunayen kowa. Kowane ɗan takara da tasa takardar, mai launinta da hotonsa. Mai zaɓe zai ɗebi dukkansu tare da ambulan, ya shiga bayan labule, ya sa guda a ambulan, ya jefa sauran a jakar shara, ya fito ya saka a akwati, a shafa masa tawada a yatsa. Wanda ya karɓi kuɗi ko buhun shinkafa yana iya cusa ragowar takardun a aljihu, ya kai wa wanda ya ba shi, shaidar cewa ya cika alkawari. A unguwar da kowa ya san gidan kowa, kuma lasisin shago da wurin kasa kaya ke hannun hukuma, wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce ga sirrin ƙuri'a. Jam'iyyun adawa sun yi shekaru suna neman a koma takarda guda, dokar zaɓe ta 2012 ba ta ba su ba.

Dokar da ta fi taɓa Briqueterie kai tsaye ita ce ta asali. Tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare haƙƙin 'yan asalin kowane yanki, a shekarar da 'yan ƙabilar Sawa na Duwala suka yi zanga-zanga saboda 'yan Bamileke sun hau kujerun ƙananan hukumomin birninsu a inuwar SDF. Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta ƙara da cewa magajin garin babban birni dole ya zama ɗan asalin jihar. Tsoron Sawa da na Ewondon Yawunde ba na banza ba ne, don birni ya cinye gonakin kakanninsu, sun kuma zama 'yan tsiraru a garinsu. Amma sakamakon shi ne, wanda aka haifi kakansa a Briqueterie zai zaɓi kansila, kansiloli su zaɓi magajin gari, shi kuwa ana iya ce masa baƙo ne ranar da ya nemi kujerar. Mai karatu a Najeriya ya san inda wannan hanya ke kaiwa idan ta ɓaci: rikicin Jos na Nuwamba 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya taso. Kare filaye da al'adun Ewondo abu ne da doka za ta iya yi ba tare da ta raba 'yan birni ɗaya aji biyu ba.

Zaɓen 12 ga Oktoba 2025 ya nuna cewa ƙuri'ar da aka ɗauka ta kwanta ba ta kwanta ba. Tchiroma ya ajiye muƙamin minista a watan Yuni ya tsaya takara, aka hana madugun adawa Maurice Kamto tsayawa, sai ɗimbin masu neman sauyi daga arewa da kudu suka taru a bayan Tchiroma. Majalisar Tsarin Mulki ta ba Biya, mai shekara 92, kashi 53.66, ta ba Tchiroma 35.19. Tchiroma ya ce shi ya ci, an yi zanga-zanga a Garwa da Duwala, an rasa rayuka, shi kuma ya bar ƙasar. Hukumar zaɓe ta ELECAM, wadda shugaban ƙasa ke naɗa 'yan majalisarta, ta shirya zaɓen da masu rajista kimanin miliyan takwas, a ƙasar da ta doshi mutum miliyan talatin, inda sai mai shekara 20 ke jefa ƙuri'a.

Idan 'yan takara suka sake zuwa gaisuwa ƙofar babban masallaci, buƙatun da suka fi kwalta da fitilun titi amfani su ne a koma zagaye biyu, a buga takarda guda, a sauƙaƙa wa matasan unguwar samun katin ɗan ƙasa da rajista, a kuma fayyace a doka shekara nawa iyali zai yi a Yawunde kafin a daina kiransa baƙo.