Motar da Jim Clark ya yi karo da ita, da gardamar lambarta

A watan Yulin 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams ya fito da wata tsohuwar Aston Martin a Goodwood da ke Ingila, aka saye ta sama da fam miliyan 10. Masu sha'awar motoci ba sa kiran ta da cikakken sunanta, DB4 GT Zagato. Lambarta suke kira: 2 VEV.

Injin da ƙashin motar na Ingila ne, amma gangar jikin a Italiya aka ƙera ta. Aston Martin na son motar da za ta kara da Ferrari a tsere, sai ya tura wa maƙeran Zagato na Milan. Wani matashi, Ercole Spada, ya zana siffarta, aka bubbuge faranten alminiyum da hannu, aka cire bamba da duk abin da zai ƙara nauyi. An nuna ta a Landan a 1960. Tsada ta hana kasuwa buɗewa, 19 kacal aka yi.

John Ogier, mai ƙungiyar tsere ta Essex Racing Stable, ya ɗauki biyu, 1 VEV da 2 VEV. A tseren Le Mans na 1961 duka biyun suka mutu a hanya.

Rigimar da ake yi kan lambar 2 VEV daga 1962 ta samo asali. A farkon shekarar 2 VEV ta yi mummunan hatsari a Spa ta Beljiyam, aka mayar da ita masana'anta. Abin da ya fito daga can ya fi ta rashin nauyi, da gajarta daga ƙasa, da sabon jiki. Masu tallar mota sun fi son a ce gyara aka yi. Wasu masana tarihin Aston Martin kuwa cewa suke sabuwa ce fil aka manna wa tsohuwar lamba, kuma maganarsu ta fi kama hankali: in an sauya ƙashi an sauya jiki, me ya rage ban da takarda?

Wannan ta biyun ce direban tsere Jim Clark ya hau a gasar Tourist Trophy ta Goodwood a watan Agustan shekarar. A kwanar Madgwick motar ta juye masa daidai lokacin da John Surtees, wanda ke kan gaba a Ferrari 250 GTO, ya zo wucewa. Suka yi taho-mu-gama, Innes Ireland ya lashe tseren. Abin mamaki, wannan karon ne ya ƙara mata daraja a wurin masu saye.

Daga baya Aston Martin da kansa ya ƙara dagula lissafin. A 1991 ya fito da wasu huɗu da lambobin ƙashi da ba a yi amfani da su ba tun farko, a 2019 kuma ya sake ƙera 19 sababbi, kowace sai an haɗa da DBS GT Zagato a kan fam miliyan 6.