Babban Inji, Ƙaramin Akwati: Tarihin Batirin da Ke Tayar da Baburan Amurka

A watan Agusta na kowace shekara, dubun dubatar masu babura kan yi dafifi zuwa garin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu a Amurka, taron da aka soma tun 1938. A gidajen man da ke kan hanyar akwai wata ƙara da duk wanda ya saba da manyan babura ya sani. Mutum ya sha mai, ya ɗare babur ɗin da ya kashe wa dukiya, ya danna maɓalli, sai inji ya yi nishi sau ɗaya ya cije, sannan a ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin sirdi. Fitila tana ci, hon yana kuka, amma inji ya ƙi juyawa. Sau tari irin wannan babur ba tsoho ba ne, an dai buɗe cikinsa ne an ƙara masa girma da ƙarfi, aka bar batirin da aka yi domin ƙaramin inji yana fama da abin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan matsala ta haura shekara ɗari. A 1912 Charles Kettering na garin Dayton ya sa wa motar Cadillac na'urar tayar da inji ta lantarki, wato sitata, bisa wata dabara mai sauƙi: ƙaramin inji na lantarki zai iya ɗaukar nauyin da ya ninka ƙarfinsa muddin na 'yan daƙiƙoƙi ne. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1914, kamfanin babur na Indian da ke Springfield ya fito da Hendee Special, babur mai sitata da fitilun lantarki. Tunanin ya riga zamaninsa, batiran kuwa suka ba shi kunya. Gargadar hanyoyin wancan lokaci ta riƙa girgiza su har su lalace, cajinsu ba ya jure tayarwa da yawa, kamfanin ya janye babur ɗin bayan shekara guda. Daga nan masu manyan babura ƙirar Amurka suka koma ga ƙafarsu, suka yi shekara hamsin suna buga kik.

Dalilin gazawar yana cikin ƙirar batirin kansa. Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid a 1859, kuma har gobe tsarinsa ake bi. In ana son batir ya saki wuta mai yawa a lokaci guda, sai a jera masa faranti masu yawa kuma sirara, domin ruwan ya sami faɗin wurin da zai taɓa. To, siririn faranti shi ne ba ya son girgiza, injin Harley-Davidson mai silinda biyu kuwa ya yi suna wajen jijjiga. Mota tana da wurin ajiye ƙaton batir, ga sifirin da ke rage mata wahala. Babur ba shi da wannan gata.

Buga kik a babban inji sana'a ce mai zaman kanta. Mai babur zai lalubi inda fistin ya kai ƙarshen matsi, ya miƙe tsaye, ya sauke nauyin jikinsa gaba ɗaya a kan ƙarfen. In lokacin wutar fulogi ya ɗan yi gaba, inji kan mayar da bugun, ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya doki ƙafa. In kuma haƙoran kik ɗin suka zame, gwiwa ce ke karɓar hukunci. Samfurin Sportster XLCH na Harley ya shahara da wannan har aka laƙaba wa ciwon gwiwar sunan babur ɗin. Ɗan acaɓan da ke tayar da Boxer ko Jincheng da bugu ɗaya da asuba zai gane abin da ake nufi in ya tuna cewa injinsa bai wuce cc 100 ko 125 ba, alhali manyan Harley na lokacin cc 1,200 ne.

Sai a 1965 Harley-Davidson ya sa wa babban babur ɗinsa sitata, ya raɗa masa suna Electra Glide. Hakan bai yiwu ba sai da aka tashi daga wuta mai folt 6 zuwa folt 12, aka kuma nema wa babban batir mazauni a jikin babur. Sportster ya bi sahu a 1967, sannan Honda CB750 ya iso daga Japan a 1969 ya nuna wa duniya cewa danna maɓalli haƙƙin duk wanda ya sayi babban babur ne. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 Harley ya daina sa kik gaba ɗaya. Wannan mataki ne ya mayar da batir sarki, domin ranar da ya gaza babu sauran mafita sai turi, kuma tura babur mai kilo 300 da ɗoriya ba wasan yara ba ne.

Ana cikin haka, wata al'ada tana bunƙasa a garejin bayan gida. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasan Amurka suka riƙa tuɓe wa babura duk abin da suke gani nauyi ne, daga baya a Kalifoniya aka shiga yanka firam ana miƙe gaban babur, salon da fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa a duniya. Wasu kuma ƙarfi suke nema. George Smith ya kafa kamfanin S&S Cycle a 1958 a jihar Illinois, kamfanin da ya yi fice wajen ƙera kayan da ke ƙara wa fistin tsawon tafiya da faɗi, har ta kai yana sayar da cikakken inji mai inci 124, wato sama da cc 2,000. Haka kuma ana ƙara matsin iska da mai a cikin silinda, daga wajen 8 bisa 1 na tsoffin injuna zuwa 10 bisa 1 ko fiye. A nan ne buƙatu biyu suka yi karo a hannun mutum ɗaya: yana son inji ƙato, yana kuma son babur siriri wanda akwatin batirinsa, da aka cusa a tsakiyar tankin baƙin mai, bai fi tafin hannu biyu ba. Ƙari a kan haka, injin da ya yi zafi ya fi wuyar juyawa, shi ya sa abin kunyar yakan faru a gidan mai, a gaban jama'a.

Sauƙin farko ya fito ne daga inda ba a zata ba. A farkon shekarun 1970 injiniyoyin kamfanin roba na Gates da ke Denver suka ƙera batirin dalma rufaffe, wanda ruwan asid ɗinsa ke jiƙe cikin wata auduga ta zaren gilashi da aka matse tsakanin farantai. Ruwa ba ya zuba ko an kwantar da shi, ba a ƙara masa ruwan batir, matsewar kuma tana riƙe faranti kada girgiza ta karya shi. Wannan ƙira, da ake kira AGM, ta shiga babura a shekarun 1980. Daga zuriyarta aka sami Odyssey PC680, mai siraran farantai na tsantsar dalma, wanda masu gyaran babura suka daɗe suna rantsuwa da shi duk da nauyinsa ya kai kilo 7.

Sauyi na biyu daga jami'a ya fito. A 1997 tawagar Farfesa John Goodenough ta Jami'ar Texas ta wallafa bincikenta a kan haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet, haɗin da bai cika kama wuta ba kamar sauran batiran litiyam. Goodenough ya karɓi lambar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Abin da ya sa haɗin ya dace da babur lissafi ne: ɗakin batir huɗu masu folt 3.2 kowanne sun ba da 12.8, dab da 12.6 na batirin dalma mai ɗaki shida. Wajen 2010 ƙananan kamfanoni a Kalifoniya, irin su Shorai da Antigravity, suka soma sayar da batirin wannan haɗin ga masu babura. Batirin da mutum zai ɗaga da yatsu uku ya juya injin da tsohon batir mai kilo 10 ke nishi a kansa, kuma ya shige ƙaramin akwatin nan har da sauran wuri.

Sai dai kasuwar ta zo da nata ruɗani. Ma'aunin da aka sani, CCA, yana nufin yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ba tare da ya faɗi ƙasa da folt 7.2 ba. Domin batirin dalma aka tsara gwajin. Litiyam ba ya son sanyi, har masu shi sukan kunna fitila na ɗan lokaci domin ya ɗumama kafin su danna maɓalli, saboda haka wasu masu sayarwa suka koma rubuta lambobin da aka auna ta wata hanya dabam. Babbar lamba a jikin kwali ta zama talla, kuma bai kamata mai saye ya ɗauke ta tamkar gwaji ɗaya aka yi wa kowa ba.

Akwai kuma gaskiyar da tsoffin kanikawa suka daɗe suna faɗa, ana ƙin ji saboda ba ta da tsada. Wutar da sitata ke ja tana kai ɗaruruwan amfiya, kuma siririyar waya, ko kan batir da ya yi tsatsa, ko wayar da aka ɗaure a jikin firam a kan fenti, kowanne yana cinye rabon sitata tun kafin wutar ta isa. Maganin da ya fi kowanne hikima ma bai taɓa batir ba: ɗan bawul ne da ake dasawa a kan silinda, ya saki wani ɓangare na matsin a daƙiƙar tayarwa, ya rufe da zarar inji ya kama. Masu gyara sun daɗe suna huda kan silinda suna sa na hannu, wanda ake dannawa da yatsa kafin a tayar, kafin Harley-Davidson da kansa ya soma sa mai aiki da kansa a injunansa masu inci 110 a 2007. Wannan amincewa ce daga kamfanin cewa girman inji ya kai matakin da ƙarfin batir kaɗai ba zai wadatar ba.

Irin waɗannan babura suna shigowa Najeriya a matsayin na hannu, ana ganinsu a titunan Abuja da Legas, wasu da gyaran da mai su na farko ya yi ba tare da wata takarda ba. Duk wanda ya mallaki ɗaya ya ga yana masa gardama da zafi, ya fara sa bakanike ya kankare kan batir, ya duba kaurin wayoyi, ya binciki ko akwai bawul ɗin sakin matsi kuma yana aiki. In kuma ya yanke shawarar sayen na litiyam, to ya auna cajin da babur ɗin ke bayarwa yayin da inji ke aiki, domin tsohon tsarin caji da ke wuce folt 14.6 zai iya kashe sabon batirin tun bai ci kuɗinsa ba.