Karɓar Baƙi a Ƙasar Kabi: Daga Masauki Zuwa Gidan Tarihi na Kanta

A manyan biranen Turai akwai ofishin da baƙo yakan nufa da zarar ya sauka, a ba shi taswirar gari, a nuna masa wurin kwana da abubuwan kallo. Wannan aiki tsoho ne a ƙasar Kabi, sai dai a hannun mutane yake tun kafin a yi masa ofis. Harshen kansa shaida ne. Kalmar masauki daga sauka aka ciro ta, watau wurin da ake sauka, amma Bahaushe bai cika ambatonta ba sai tare da mai ita. Mai masauki shi ne mai ba fatake ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu in rigima ta taso. Babban baƙo kuwa, fada ita ke da alhakin saukarsa. Haka aka yi wa Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, sa'ad da ya zo Gwandu cikin 1853. Sarki Halilu bai yarda sun yi ido biyu ba, amma an sauke shi, har ya sami littafin Tarikh al-Sudan a garin ya kwafi abin da ya iya, sa'an nan ya wuce ta Birnin Kabi.

Birnin Kabi ya faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo cikin 1805, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu. Shekaru masu yawa tsakaninsu da Sakkwato sai yaƙi, in ban da lafawar da aka samu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wadda ake kira Lafiyar Toga. Saboda haka zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu cikin 1934 ba ƙaramin al'amari ba ne. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya nemi abin da zai girmama baƙonsa da shi, sai ya tara masunta aka yi su a Matan Fada, ko Matan Hwada yadda bakin yamma ke faɗi. Su ɗin da gyaran ruwa sun riga wannan shekara nesa ba kusa ba. Abin da ya zo sabo shi ne yin su domin idon baƙo, kuma daga nan duk sha'anin yawon buɗe ido na ƙasar ya tsiro.

Wurin da ya fi kusa da ofishin baƙi a Argungu shi ne Gidan Tarihi na Kanta, mai sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya zauna Surame. Ginin tsohuwar fada ce. Ana yawan rubuta cewa Yakubu Nabame ya gina ta cikin 1831, amma ya kamata malami ya yi hattara da wannan lissafi. A shekarar ce aka kashe mahaifinsa Sama'ila Karari, shi kuwa Nabame aka tafi da shi Sakkwato, bai tayar da sarautar Kabi ba sai 1849. Lalle shekarar da sunan ba su zauna daidai da juna ba. Sarakuna dai sun zauna gidan har 1942 da aka koma sabuwar fada, aka kuma buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Yuli, 1958, shekara biyu kafin mulkin kai.

An kasa gidan kashi 11. Ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da layu, da kayan su irin homa da gora, ga kuma kaburburan sarakuna. Amma kayan ba sa magana. Amfanin gidan yana bakin ma'aikacin da ke zagawa da baƙo, mai jero sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, mai bayyana aikin Sarkin Ruwa, watau yadda ba a shiga kogi ranar biki sai da izninsa. Wannan mutum magajin mai masauki ne ta wata fuska, ko da yake albashi yake ci. Abin lura ga malaman makarantun horon malamai shi ne, bayanin nan da Hausar Kabi ake yinsa, da karin harshenta da kirarinta. In an juya shi Ingilishi domin Turawa, ko aka daidaita shi da Hausar Kano domin bugawa, wani abu yakan zube a hanya. Ɗalibin da aka tura da littafi da alƙalami ya rubuta shi yadda aka faɗa ya yi aikin da taswira ba ta iya yi.

Sauran labarin na gwamnati ne. Janar Gowon ya halarci bikin cikin 1970 tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, aka kuma gina masaukan baƙi a gefen kogi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kabi ya zama hedkwata, ma'aikatu suka taru can, abin kallo kuwa ya tsaya Argungu. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, abin mamaki kuwa a lokacin an daina yinsa, gama bayan na 2009 ba a sake ba sai Maris na 2020. Shekara goma ke nan da ɗoriya masu kwale-kwale da masu abinci da makaɗa ba su ga taron baƙi ba. Duk wanda ya zo Argungu cikin waɗannan shekaru neman labarin Kabi, tsohuwar fadar nan aka nuna masa.